Sifiroket mai haƙori 13, 14 ko 15: wanne ya dace da babur ɗinka a hanyoyin Gombe?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, daga can kuma ta ci gaba da hawa, babu dabarar da masu babur a Gombe ba su gwada ba don tanki ya ƙara kwana. Wasu sun matse kafireto har babur yana tari da safe. Wasu sun koyi kashe inji a gangara, musamman in sun sauko daga Tumfure za su shiga gari, abin da ni ba na so ko kaɗan. Amma dabarar da ta fi yawo a bakin matasa ita ce canjin sifiroket, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, ƙarami a gaba wajen inji, babba a baya jikin taya.

Kwanan baya ina zaune a rumfar bakaniken da nake kai wa gyara wajen Tashan Dukku, sai wani yaro ɗan acaba ya faka ya ce, "Oga, a sa min mai sha biyar a gaba. An ce ba ya shan mai, kuma babur ya fi gudu." Bakaniken ko ɗaga kai bai yi ba daga injin da yake kwancewa, ya ce, "Ina kake aiki?" Yaron ya ce cikin gari, amma ranar kasuwa yakan ɗauko buhu daga ƙauye. Ya ce masa, "To ƙanena, riƙe kuɗinka ka sha mai da su." Yaron ya buga babur ya tafi yana ganin an raina masa wayo. Ni kuwa na san gaskiya aka gaya masa, don na riga shi faɗawa wannan ramin.

Abin da ya kamata mutum ya fara riƙewa shi ne, sifiroket ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko na ƙwayar zarra. Injin 100 irin na Bajaj Boxer ko TVS da ake acaba da su, ƙarfinsa bai wuce na doki bakwai zuwa takwas ba, kuma haka zai zauna ko da zinariya aka ƙera sifiroket ɗin. Aikin sifiroket shi ne raba wannan ƙarfin tsakanin ja da gudu. Duk abin da ka ƙara wa ɗaya, daga aljihun ɗayan ka ciro. Taura biyu ba ta taunuwa.

Lissafin ba wuya. Ka ƙirga haƙoran na baya, ka raba da haƙoran na gaba. Nawa da na ƙirga, 14 ne a gaba, 42 a baya. Naka zai iya bambanta, don kowane kamfani da abin da yake ɗaurawa, saboda haka ka cire murfi ka duba da idonka, galibi lambar tana buge a jikin ƙarfen. 42 a raba da 14 ya ba da 3 cif. Ma'ana sai ƙaramin sifiroket ya juya sau uku kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. In ka sa 15 a gaba, lissafin ya koma 2.80. In ka sa 13, ya zama 3.23. Duk lokacin da wannan lamba ta hau, ja ya ƙaru, inji ya ƙara kuka, gudu a kowace giya ya ragu. In ta sauka, inji ya lafa, giya ta yi tsawo, ja ya ragu.

A ce kana tafiya kilomita 60 a awa a giya ta huɗu, injinka yana juyi 5,000 a minti da 14 da 42. Da ka sa 15, wannan gudun dai za ka yi shi da juyi kusan 4,670. Da 13 kuwa sai inji ya kai wajen 5,380. Haƙori ɗaya tak a gaba yana taɓa lissafi da kusan kashi 7 cikin 100. A baya sai ka canza haƙori uku kafin ka kamo wannan: 39 a baya da 14 a gaba ya ba da 2.79, ɗan'uwan 15 ke nan, 45 kuma ya ba da 3.21, ɗan'uwan 13. Shi ya sa wanda ya sa 15 a gaba ya kuma sa 45 a baya, ya kashe kuɗi ne ya dawo inda ya taso, don 45 a raba da 15 uku ne dai.

Bari mu fara da mai sha biyar, tunda shi ne ɗan gatan kasuwa.

Ranar da na fara ɗaura shi, na ɗauki hanyar Dukku ni kaɗai, ba goyo ba kaya. Gaskiya na ji daɗinsa. Karkarwar nan da ke sa tafin hannu ya mutu a doguwar tafiya ta ragu, madubi ya daina rawa, inji yana tafiya cikin natsuwa kamar wanda aka yi wa sabon sabis. Giya ta ɗaya da ta biyu sun ƙara tsawo, ba sai ka yi ta buga ƙafa da wuri ba. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta, mutum ɗaya, gudu matsakaici, yana iya rage shan mai kaɗan, domin inji yana juyi ƙasa da da a kan kowace kilomita. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Gombe da Bauchi ta Alkaleri, tafiyar kilomita 150 ko kusa da haka, ko malamin makaranta da ke zuwa Bajoga ya dawo da jakarsa kawai a baya, wannan zai ci moriyarsa.

Amma maganar ƙarin gudu, a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. A takarda, tunda taya tana juyawa fiye da da a kowane juyin inji, ya kamata ƙarshen gudu ya ƙaru da kashi 7 ɗin nan. A kan hanya kuwa akwai iska, kuma iska ba ta san takarda ba. In gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkawa, ƙarfin da ake bukata a keta ta kuma sau takwas. Daga 60 zuwa 80 kawai, ƙarfin da iska ke cinyewa ya haura ninki biyu. Ƙaramin inji yakan ƙare ƙarfinsa ne kafin ya ƙare juyinsa. To in ka ƙara masa tsawon giya, sai ya kasa kai wa juyin da yake fitar da cikakken ƙarfinsa. Ka murɗe totur har ƙarshe, allurar mita ta tsaya inda take tsayawa da, wani lokaci ma ƙasa da haka in kana fuskantar iskar hunturu ko babbar riga ta cika da iska. A gangara ne kawai za ka ga lambar da ba ka saba gani ba, gangara kuwa ko keke ma gwani ne.

Inda ya kunyata ni shi ne hanyar Kaltungo. Na ɗauki ƙanen matata da rabin buhun shinkafa za mu gaisuwa. Tun kafin Kumo na lura duk ɗan tudun da a da nake haye shi a giya ta huɗu, yanzu sai inji ya fara nishi, sarƙa tana fizga, dole na sauko ta uku. Ga abin da masu yabon sha biyar ba sa faɗa: tazarar da ke tsakanin giya ta uku da ta huɗu ta fi haƙori ɗaya na sifiroket nesa ba kusa ba. Don haka mai 15 da ya sauko ta uku, injinsa ya fi na mai 14 da ke ta huɗu kuka, ya kuma fi shi shan mai. Ribar da na tara a miƙaƙƙiyar hanya, tudu ya karɓe abinsa. Da muka wuce Billiri yaron ya ce, "Yaya, ko babur ɗin nan ba shi da lafiya ne?" Na ce lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ya yi masa karambani.

Sai kuma tashi daga tsaye. Ɗan acaba a cikin gari yana tsayawa ya tashi sau ɗaruruwa a wuni, a bakin babbar kasuwa, a shataletale, a lungunan Jekadafari da Bolari da Pantami, sau da yawa da goyo, wani lokaci goyon biyu. Doguwar giya ta ɗaya tana tilasta masa ya riƙe kuloci rabi da rabi yana ba da wuta kafin babur ya ɗauka. Wannan gogayyar ita ke cinye faifan kuloci, tana ƙona baƙin mai, tana ɗumama inji. Naira nawa ka rage a gidan mai, nawa za ka biya a canjin kuloci? Ga kuma hatsarin da ba a lissafawa: babur da ba ya zabura in ka buɗe masa wuta, ranar da kake bukatar ficewa daga gaban tirela zai yi maka nawa.

Yanzu ɗaya ɓangaren, wato 13 a gaba ko ƙarin haƙora a baya.

Wannan na masu kaya ne. Wanda ke ɗauko buhun masara ko wake daga gona, mai kai siminti buhu biyu unguwar da mota ba ta shiga, mai jarkokin ruwa, mai ɗauko tumatur da shinkafa daga gonakin rani na Dadin Kowa, da duk wanda hanyarsa ta gida ta ratsa kwari. Kowa ya san ƙasar Gombe: yashi ne da zaizaya, damina ɗaya tana iya mayar da layi ya zama rafi. A cikin yashi abin da kake so shi ne taya ta riƙa juyawa a hankali da ƙarfi, kuloci a sake gaba ɗaya, ƙafafunka a shirye. Gajeriyar giya ita ke ba da wannan. Haka mai hawa Tula, inda hanya ke nannaɗe dutse tana hawa, ko mai shiga ƙauyukan da ke bayan duwatsun Kaltungo. A saukowa ma tana da rana, don in ka bar babur a giya ta biyu inji yana riƙe shi da kyau, ba sai ka yi ta taka birki har ya yi zafi ya daina kamawa ba.

Da wannan haɗin babur yana tashi da kaya ba gardama, yana zabura da wuri, kuma yakan riƙe giya ta huɗu a wuraren da a da sai an sauko. Abin da zai ba wasu mamaki, ga mai lodi kullum shan mai ba lallai ya ƙaru ba, domin ya daina murɗe totur har ƙarshe yana roƙon inji.

Farashinsa yana fitowa ne a doguwar kwalta. A gudun da ka saba, inji yana kuka sama da da, hannu da takalmi suna karkarwa, kana ta laluben giya ta biyar da babu ita. Mai yana tafiya, baƙin mai yana saurin tsinkewa, ga zafin watan Maris da Afrilu wanda injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ba ya wasa da shi. Wanda ya riƙe irin wannan babur a ƙarshen wuta daga Gombe har Bauchi, yana rage wa fistin da zobensa kwana ne. Bijimin huɗa ka mayar da shi, kada ka kai shi sukuwa.

To in mutum ya yanke shawarar canzawa, gaba zai taɓa ko baya? Nan ma akwai zaɓi, kuma ni a nan na fi tsayawa.

Na gaba ya fi araha, ya fi saurin ɗaurawa, kuma yawanci sarƙarka ta yanzu za ta isa, ɗan matsar da tayar baya kawai za a yi. Matsalarsa ba ya da tsaka-tsaki, tsalle ɗaya kashi 7 ne. Sannan 13 yana da nasa aibin daban. Ƙaramin faifai yana lanƙwasa sarƙa sosai a kowane zagaye, haƙora kaɗan ne ke ɗaukar nauyin jan, don haka shi da sarƙar duka suna saurin cinyewa, sarƙar kuma tana ƙara gogar robar da ke kan ƙarfen da ke riƙe tayar baya. Mai son ja, in da hali, gara ya bar 14 a gaba ya ƙara a baya. Shi kuma 15, a tabbata ya samu wuri a cikin murfinsa, sarƙa ba ta taɓa jikin inji.

Na baya ya fi tsada da ɗawainiya, sai an kwance taya, amma yana ba ka damar ɗanɗanawa kaɗan-kaɗan. 44 a maimakon 42 ya ba da 3.14, ƙarin ja kusan kashi 5. 40 ya ba da 2.86, sauƙin inji kusan kashi 5. A ganina waɗannan biyun sun fi 13 da 15 dacewa da yawancin mutane, don suna ba ka abin da kake nema ba tare da sun ƙwace ɗaya gefen gaba ɗaya ba. Sai dai a kula da abu biyu. Na farko tsawon sarƙa: haƙori uku a baya yana cin sarƙa kusan santimita biyu, wanda zai jawo taya gaba da kusan santimita ɗaya, in wurin matsarwa ya ƙare sai an ƙara gaɓa, gaɓa kuwa bibbiyu ake ƙara ta. Na biyu murfin sarƙa. Babura irin Boxer suna zuwa da rufaffen gidan sarƙa, babban faifai yana iya gogarsa. Abin da kanikawa da yawa ke yi shi ne su cire murfin su jefar, kai kuma ka tafi kana murna. A garin yashi irin namu wannan asara ce, don yashi in ya haɗu da man sarƙa ya zama dutsen wasa wuƙa, wata kaɗan haƙora su yi tsini kamar ƙaya. In 45 ba zai zauna da murfi ba, ni na zaɓi 44 da murfi.

Akwai lambar da ke jikin sarƙa, ita ma a duba. Yawancin baburan acaba 428 suke amfani da ita, wasu ƙanana irin roba-roba kuma 420. Tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, rabin inci, wato milimita 12.7, shi ya sa a ido suke kama, amma 428 ta fi faɗi da kauri. Mai shago da ke son ya sallame ka zai iya cewa duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, sifiroket da sarƙa dole lambarsu ta zo daidai. Kuma kada a ɗora tsohuwar sarƙa da ta miƙe a kan sabon faifai, za ta cinye shi ya koma kamanninta. In za a canza, a canza ukun tare, na gaba da na baya da sarƙa. Na taɓa sayen wani mai arha a wani shago da ba zan ambata ba, ƙarfen kamar gwangwani, bai ga ƙarshen damina ba. Arha dai ba ta ado.

Taya ma giya ce, ko da yake ba a kallonta haka. Wanda ya cire 2.75 ya sa 3.00 a baya a kan rim 17 ya ƙara tsawon giya da kusan kashi 2 bai sani ba. In ya zo ya ƙara 15 a gaba, abin ya taru ya kusa kashi 10, sai ya yi ta zagin kafireto da fulogi alhali ba ruwansu. Mita kuwa a irin waɗannan baburan daga tayar gaba take karatu, don haka canjin sifiroket ba ya sa ta yin ƙarya. Wannan ya sa gwaji ya zo da sauƙi: cika tanki zuwa wani wuri da ka yi wa alama, rubuta lambar kilomita, yi aikinka na kullum kwana uku, sake cikawa zuwa alamar, ka raba kilomita da lita. Ka yi haka kafin canji da bayan canji, a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya. Kunne yana yaudara, inji mai shiru ba lallai shi ne mai tsimin mai ba.

Masu injin 125 da 150, musamman masu giya biyar, su suna da rarar ƙarfi, ƙarin haƙori ɗaya a gaba bai cika durƙusar da su ba. Maganata a kan injin 100 mai giya huɗu ce, wanda shi ya cika titunanmu.

In ɗan acaban cikin gari ya tambaye ni, zan ce ya bar abin da kamfani ya ɗaura, don an zaɓe shi ne saboda irin aikinsa, goyo da tsayawa da tashi. In aikinsa ya fi karkata ga buhu da ƙauye da kwari, ya ƙara haƙori biyu a baya. Mai hawa Tula kullum da kaya zai iya kai wa uku. Ma'aikacin da ke tafiya shi kaɗai a kwalta, wanda karkarwa ta dame shi, ya rage biyu a baya ko ya gwada 15. Wanda kuma babur ɗinsa ya rasa ja kwatsam, kada ya fara da sifiroket: a duba matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, a duba iskar taya, birkin da ke kamawa, da faifan kuloci. Ƙaramin sifiroket yana ɓoye ciwon inji na ɗan lokaci ne, ba ya warkar da shi.

Bayan kowane canji a daidaita sarƙa ta samu sassauci kamar faɗin yatsu biyu a tsakiya, santimita biyu zuwa uku, a sake dubawa da mutum zaune a kai, don nauyi yana ƙara ɗaure ta. A tabbata taya ta zauna daidai ta gefe biyu, kuma makullin sarƙa rufaffen bakinsa ya kalli inda sarƙa ke tafiya, in ba haka ba wata rana zai fice a tsakiyar hanya.

Ni dai na koma 14 da 42 tun dawowarmu daga Kaltungo. Mai sha biyar ɗin ban yar ba, yana naɗe a tsumma cikin akwatin sifana. In tafiyar Bauchi ta kama ni ni kaɗai, nakan biya ta rumfar nan da sassafe a ɗaura min shi, aikin minti ashirin ne, in na dawo a cire.